Kafin Hadari Ya Haɗo: Shara da Hanyoyin Ruwa a Dakoro

Dakoro ba garin kogi ba ne. Wanda ya baro Maraɗi ya nausa arewa, ya ci kilomita ɗari da ƴan kai har ya iso, ba zai tarar da ruwa mai gudu a bakin gari ba, balle jirgin fito. Ruwan saman da yankin ke samu a shekara bai cika wuce milimita 300 zuwa 400 ba, kuma kusan dukkansa tsakanin Yuni da Satumba yake zuba. Manyan kwaruruwan da suka ratsa gundumar, kwarin Tarka ta arewaci da Gulbin Kaba ta kudanci, tsofaffin hanyoyin ruwa ne da suka daɗe da daina gudu. Abin da ya rage musu shi ne danshin ƙasa, da itatuwa, da tabkunan da ke cika da damina su ƙafe da rani. Saboda haka idan aka tayar da zancen yashe magudanai da kwashe shara daga hanyoyin ruwa, mutumin Dakoro na iya cewa wannan matsalar Yamai ce ko ta Kano. Ni kuwa ina ganin garuruwa irin Dakoro sun fi kowa bukatar wannan zance, kuma dalilin yana cikin bushewar da ake kafa hujja da ita. Hanyar ruwan da take wata takwas ko tara a bushe, ba wanda ke kallonta a matsayin hanyar ruwa. Fili ne kawai mai ɗan gangare wanda ba shi da mai shi, kuma a kowane gari irin wannan fili juji yake zama. Don haka aikin tsabtace hanyar ruwa a nan aikin rani ne, kuma ba zai yi ƙarko ba sai an tanadar wa shara wurin zuwa da wanda zai riƙa kai ta can kullum.

Yana da kyau a bi ruwan tun daga inda ya faɗo. Ya sauka a kan rufin kwano ko na soro, ya biyo indararo ya zubo tsakar gida, ya fita ta rariya zuwa lungu. Lungu ya miƙa wa titi, titi ya miƙa wa gangare, daga nan ya nemi korama ko ya bi ta kwalbati a ƙarƙashin hanyar mota, har ya je ya kwanta a kududdufin da aka haƙa don yin tubali ko a tabkin bayan gari. Duk abin da aka yar a wannan tsakani tun daga kaka har bazara yana nan yana jiransa. A je bakin kwalbati washegarin ruwan farko a ga yadda toshewa ke ginuwa. Karan gero guda ko reshen ƙaya ne ke fara gicciyewa a bakin bututun. Leda ta zo ta maƙale masa, wata ta bi bayanta, tsumma da tsohon takalmin roba da yagaggen buhu su ƙaru, har su zama tamkar labule. Ruwa na rage gudu a bayan labulen sai ya sauke yashin da ya ɗauko, kuma yashin nan ne ke ƙarasa aikin: kafin a ɗauke ruwan, bututun da yaro ke iya rarrafawa ta cikinsa ya cike har sama. Ruwan da ke tafe sai ya taru, ya ja da baya, ya hau titi, ya shiga lungun da ya fi kwari, ya kwanta a gindin katanga. Ginin laka na jure ruwan da ya doke shi daga sama ya wuce. Wanda ba ya jurewa shi ne ruwan da ya kwana a gindinsa, domin ƙasar na tsotsar danshi tana yin laushi har nauyin da ke kanta ya fi ƙarfinta. Shi ya sa sau da yawa katanga ba ta faɗuwa lokacin da ake sheƙa ruwa, sai can cikin dare bayan an ɗauke, mutane na barci.

Akwai wani bambanci tsakanin Dakoro da biranen bakin teku da ba a cika lura da shi ba. A Legas ko Akara, sharar da ruwa ya kwasa tana iya ƙarewa a teku, ta zama matsalar masunta da ta duniya baki ɗaya. A nan ba inda za ta je. Ruwan damina ba ya yin nisa. A tabki yake tsayawa, rana ta shanye wani, ƙasa ta shanye wani, ledar da mataccen batir da kwalbar maganin feshi da kashin da ya kwaso su tsaya a wurin. Tabkin nan kuwa shi ne mashayar dabbobi, nan masu tubali ke ɗibar ruwa, nan ake wanki, nan yara ke iyo. A ƙasar da rijiya ke da zurfin da sai an ɗaura wa jaki ko sa ko raƙumi igiya kafin guga ya fito, kowane mako da tabki ya ƙara yana riƙe da ruwa hutu ne ga makiyayi da dabbarsa. Shara da yashin da ke gangarowa suna cike cikin tabkin shekara bayan shekara, zurfinsa na raguwa, ruwan na bajewa, rana na saurin ƙafar da shi.

Dakoro kuma garin dabba ne. Yana daf da layin da dokar 1961 ta shata a matsayin iyakar noma ta arewa, inda gonakin manoma ke haɗuwa da makiyayar Fulani da Abzinawa, kuma kasuwar dabbobinsa na cikin waɗanda ake ji da su a jihar Maraɗi. A tambayi mahauta abin da suke tararwa idan sun farke tumbin akuya ko na saniyar da ta yi kiwo cikin gari: dunƙulen leda baƙa da fara, ta nannaɗe da igiya da tsumma ta yi tauri, wani lokaci sai an sa hannu biyu a ɗaga. Dabbar na cin ledar ne don ƙanshin mai ko gishiri ko ƙosan da ya rage a jikinta, musamman a ƙarshen rani lokacin da ciyawa ta ƙare. Ledar ba ta narkewa, ba ta fita. Tana cinye wurin abinci, dabba ta yi ta ramewa ciki a kumbure, nono ya ragu, mai ita ya yi ta sayen magani bai san ciwon ba. Lokacin da Muritaniya ta haramta leda a farkon 2013, wani jami'in ma'aikatar muhallinta ya ce fiye da kashi 70 cikin 100 na shanu da tumakin da ke mutuwa a Nuwakshot leda ce ajalinsu. Ko da an rage wannan adadi da rabi, asara ce da ba iyalin da ke ajiyar dukiyarsa a jikin akuya da zai iya ɗauka.

Ta fuskar lafiya ya kamata a faɗi magana daidai. Sauron da ke kawo zazzaɓi ba ya son ruwan kwata mai wari. Ya fi son ƙananan kududdufai na ruwan sama da rana ke duka. To irin waɗannan ne toshewar hanya ke haifarwa: ruwan da ya kamata ya wuce cikin yini ya tsaya kwana goma, wanda ya ishi ƙwan sauro ya ƙyanƙyashe ya girma ya tashi. Ana bin gida-gida ana ba yara ƴan ƙasa da shekara 5 maganin rigakafin zazzaɓi a watannin damina, kuma aiki ne da ya ceci rayuka, sai dai ana yin sa ne alhali ana kiwon sauron a bayan katanga. Ita kuwa kwalara hanyarta ta fi gajarta, ruwa ne ya ratsa juji da masai ya shiga abin sha. A watan Yulin 2018 ta ɓarke a gundumar Madarunfa, ta kama mutum sama da 3,000 a Nijar, mafi yawansu a jihar Maraɗi, ta kuma sake dawowa a 2021.

Hujjar da ta fi ƙarfi a kan wannan ra'ayi ita ce ta masu cewa ambaliya ruwa ne ke kawo ta, ba leda ba. Suna da abin nunawa. A daminar 2024 mutum sama da 300 suka rasu a Nijar, abin ya shafi fiye da mutum miliyan ɗaya, kuma jihar Maraɗi ce ta fi yawan mamata. Tsohon masallacin Damagaram da aka gina tun tsakiyar ƙarni na 19 ya rushe, aka ɗage komawa makaranta zuwa ƙarshen Oktoba. A ranar 30 ga Agusta birnin Maraɗi ya sha ruwan da ya kai milimita 150 cikin kimanin awa ɗaya da rabi, aƙalla mutum 15 suka mutu. Don a gane girman abin: a kan gidan da ke da mita 20 tsawo da 20 faɗi, wannan ruwa lita 60,000 ne, wato duro 300, kuma ya haura sulusin abin da Dakoro ke samu a shekara guda. Wani bincike da aka wallafa a 2017, bayan bin hotunan tauraron ɗan'adam na shekara 35, ya nuna cewa irin waɗannan manyan hadura sun ninka har sau uku a yankin Sahel tun daga 1982. Gaskiya ne, ba tsintsiyar da za ta tare ruwa irin wannan. Amma hujjar ta tsaya a rabin hanya. Ba kowace shekara ake samun ruwan 30 ga Agusta ba, ɓarnar da ake yi duk damina kuwa matsakaicin ruwa ne ke yin ta, wanda da hanya a buɗe take da ya wuce kafin a idar da sallar isha'i. Ko a babban ruwan ma, tsawon lokacin da ya yi a kwance shi ke raba gidan da ya tsira da wanda ya zube. A Akara, ranar 3 ga Yunin 2015, ruwa ya kasa wucewa ta kogin Odaw da magudanan da shara ta cike, ya mamaye wani gidan mai inda jama'a suka fake, man ya bi saman ruwa, wuta ta tashi, mutum sama da 150 suka hallaka. Cikin abubuwan da ke haɗuwa su yi ambaliya, wato yawan ruwa, da kwancin gari, da ginin laka, da toshewar hanya, na ƙarshen ne kaɗai mutanen gari ke iya gyarawa bana da hannunsu. Idan kuwa ruwan ƙaruwa yake yi, to dalilin buɗe masa hanya ne ya ƙaru.

To yaya za a yi? Amsar da ke zuwa bakin kowa ita ce gayya, kuma ba laifi ba ce. Ƙasar nan ta san ta. A zamanin Janar Seyni Kountché, daga 1974 zuwa 1987, ƙungiyoyin samariya sun gina ajujuwa, sun shuka itatuwa, sun share unguwanni, kuma yau ma fadojin matasa na fitowa da shebur da manjagara idan aka yi kira. Ruwanda na da ranar aikin gayya a Asabar ɗin ƙarshen kowane wata, Kano ma haka. Sai dai a duba abin da ke faruwa bayan an watse. An yaso baƙar laka da leda daga magudana, an tara a gefe, an ɗauki hoto, kowa ya tafi gida. Tarin ya bushe, iska ta ɗebi ledar, awaki sun baje sauran, ruwan gaba ya mayar da komai inda aka ciro shi. Wani wuri a cinna masa wuta, hayaƙin roba ya shiga ƙirjin yara da tsofaffi. Ko da an kwashe tarin, washegari da safe yarinyar da aka aika da kwandon shara za ta fito, ta duba gabas ta duba yamma, ba inda aka tanadar mata, sai ta nufi inda ta saba. Wanda ya ce jahilci ne ke sa mutane zuba shara a korama bai yi wa matan gari adalci ba. Su ne ke share tsakar gida safe da yamma, su ne ruwa ke fara shigar wa ɗaki, su ne ke kwana a asibiti da yaro mai zazzaɓi. Sun san illar abin sarai. Wurin zubarwa ne ba su da shi. Gayya na cire abin da ya taru, amma ba ta hana shi sake taruwa.

A nan ne ya kamata a dubi abin da ke cikin kwandon. Binciken da aka yi a biranen Sahel irin su Yamai da Wagadugu ya nuna cewa babban kaso na nauyin sharar gida yashi ne da toka, sai kashin dabbobi da ganye da sauran abinci. A da wannan ba matsala ba ce. Juji taki ne, manomi na zuwa da jaki da mangala ya kwashe ya kai gona kafin shuka, har a yi masa godiya. Ƙwarya da faifai da ganyen da ake ƙunsa abinci duk ruɓewa suke yi. Leda ce ta shigo ta ɓata wannan tsari: takin da ya cakuɗe da ita yana hana ruwa shiga ƙasa, yana sarƙe saiwar gero, kuma dabbar da ta zo cin kara bayan girbi ta haɗa da shi. Ma'anar wannan ita ce abin da ke da haɗari a cikin sharar ba shi da nauyi, abin da ke da nauyi kuma yana da mai so. Idan gida ya ware leda da batir da fasasshiyar kwalba a buhu guda, ya tankaɗe yashi ya mayar tsakar gida ko ya cike ramin ƙofar gida da shi, ya bar toka da kashin awaki ga manomi, abin da ya rage a ɗauka amalanken jaki guda na iya kwashe na unguwa. Dakoro ba ta rasa jakuna ba, ba ta rasa matasan da ke neman abin yi da rani ba.

Wasu za su ce a taƙaita wahala, a hana leda kawai. An hana ta. Tun ranar 5 ga Nuwamban 2014 Nijar ke da dokar da ta haramta ƙera ledar nan maras kauri, da shigo da ita, da sayar da ita, da amfani da ita. Wanda ya shiga kowace kasuwa a jihar Maraɗi ya san inda dokar ta tsaya. Bangaladash ta yi irin wannan doka a 2002 bayan an gano leda ce ta toshe magudanan Daka a manyan ambaliyoyi, Ruwanda ta yi a 2008, Kenya a 2017, kuma inda abin ya kama, ya kama ne saboda an tsare iyaka an kuma samar da madadi. Jihar da ke da doguwar iyaka da Najeriya, inda talaka ke sayen man gyaɗa da sukari da gishiri na ƴan daloli a ƙulle, inda ruwan leda ne ruwan sanyin da matafiyi ke iya saya a tasha, ba za ta wayi gari babu leda ba. Ina goyon bayan a matsa wa manyan masu shigo da ita, a bar mai ƙosai ta sarara, a kuma dawo da martabar kwando da jakar saƙa. Amma wanda ya ce sai an gama da leda za a gyara magudana, ya yarda ke nan a yi damina goma a cikin ruwa.

Sai batun kuɗi, wanda shi ne mafakar kowace hukuma. Gundumar da ke da mutum sama da 600,000 a ƙidayar 2012, tana fama da tamowa da ƙarancin ruwan sha da rikicin gona da burtali, ina ta ga kuɗin shara? Tambayar na da nauyi, amma ta ɗauka cewa yanzu ba a biyan komai. Ana biya: a sake gina katanga, a sayi maganin zazzaɓi, a yi asarar tunkiya, a gyara hanyar da ruwa ya yanke. Ana biya ne bayan ɓarna, kuma mazauna kwari, waɗanda galibi su ne marasa ƙarfi, su ke ɗaukar mafi yawa. Abin da ake bukata daga hukumar gari bai kai sayen manyan motoci ba. Ta ware filin zubar da shara a kan tudu, nesa da tabki da rijiya da burtali, ta kewaye shi don dabba da iska. Ta ba masu amalanke izini da unguwannin da za su riƙa bi, gidaje na ba su ɗan abin da aka yi ittifaƙi a kai a mako. Ta cire wani kaso sananne daga harajin da take karɓa a kasuwa, tunda kasuwa da tasha ne suka fi ko'ina zubar da leda, ta riƙa biyan masu yashe kwalbatoci a watan Afrilu da Mayu, da sharaɗin ba a biya sai an kwashe abin da aka yaso a ranar. An kafa dokar tsabtar jama'a tun 1993, sai dai tara ba ta da ma'ana sai bayan an nuna wa mutum inda zai zuba. Tun Afrilun 2024 da aka rusa majalisun da aka zaɓa, kantomomi ne ke riƙe da garuruwa, kuma wannan nauyi bai sauka daga kan ofishin ba don an canza mai zama a kujera.

Akwai kuma wata al'ada da ta fi zubar da ganganci haɗari, domin da kyakkyawar niyya ake yin ta: cike kududdufi ko bakin zaizaya da shara don a samu fili ko a tsayar da cin ƙasa. Shara ba ta riƙe ƙasa, ruwa na zuwa zai tone ta ya tafi da ita tabki. Kududdufin da ake ganin ba shi da amfani kuwa shi ne ke karɓar ruwan unguwa a daren da aka yi babban ruwa. Kano ta cike da yawa daga cikin kududdufanta ta yi gini a kai, Jakara da ta ratsa tsohon birni ta zama kwata har aka fara rufe ta da kankare don shimfiɗa titi, kuma duk damina unguwannin birnin na ɗanɗana sakamakon. Dakoro ƙaramin gari ne da ya fara bunƙasa a shekarun 1940, har yanzu faɗaɗa yake yi, ana yanka filaye. Tana da damar da Kano ta riga ta rasa.

Saboda haka kira na ga hukumar gari da masu unguwanni da limamai da shugabannin mahauta da na makiyaya shi ne su fita a wannan damina, washegarin kowane babban ruwa, tare da dattawan da suka san inda ruwa ke bi tun gari bai kai haka ba. A bi sawunsa, a kafa alama, a rubuta, a hana yanka fili ko zuba shara a kai. Filin juji da amalanke kuma a gama maganarsu da kaka, lokacin da mutane ke da ɗan abin hannu, domin yashe kwalbati ya fara a watan Afrilu.